Ƙararrawar da Aka Tsamo a Rijiya

Zuwa ga Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kura lafiya lau, ana ta dashen shinkafa.

Makon jiya an yashe tsohuwar rijiyar firamarenmu, sai ga ƙararrawar nan da ta ɓata muna aji huɗu. Ka tuna Ɗanladi aka ɗora wa satarta, hedimasta ya zane shi gaban kowa, bai ƙara zuwa makaranta ba. Yaya, ni na jefa ta, don na gaji da bulalar makara.

Yanzu Ɗanladi ƙwadago yake yi a gonata. Na same shi bakin kanal ɗin ban ruwa yana wanke ƙafa, na faɗa masa ina ta kame-kame. Ya ce, "Ai na gan ka ranar, Isa. Kai ne mai ƙoƙarin ajinmu, shi ya sa na yi shiru." Ya ɗauki fartanyarsa ya koma aiki.

Har yau na kasa haɗa ido da shi. Ka sa ni a addu'a, ka kuma ba ni shawarar abin da ya kamata in yi masa. Ka gaishe min da yara.

Ƙaninka,
Isa