Falwayar da ke Tsakar Gidanmu

Haɗeja, 4 ga Sha'aban

Takarda daga hannun yayarka Safara'u zuwa ga ƙanena Haladu, magatakardan Alhaji Bakari a Kano. Gaisuwa da fatan alheri. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Bayan haka, maganar falwayar nan ce da ka sa hannu aka kafa mana a kusurwar tsakar gida, inda tsamiya take a da. Ka ce ladanmu ƙwan lantarki ɗaya kyauta a ƙofar ɗakin Inna, alhali mutane suna biyan injin ubangidanka sule huɗu a wata kan kowane ƙwai. To mun gode, Inna tana ganin butarta da magariba. Amma ba ka gaya mana falwayar da mai hawanta take tafe ba.

Ka san sana'ata. Mata bakwai na unguwa suke shigowa muna turara shinkafa muna shanyawa, da ita nake riƙe kaina da Inna tun rasuwar maigidana. Ka kuma san zafin bazara, ga na murhu. Ba mai aikin nan da mayafi, kowa ɗaurin ƙirji. Ran Litinin da hantsi Saude, ɗaya daga cikinsu, ta ɗaga kai, sai ga ƙato a kan falwaya ya zuba mana ido, wani Yakubu ma'aikacin inji. Ta lungu ya jingina tsani. Ko tari bai yi ba.

Haladu, a garin nan aka yanke cibiyarka. Mai yaɓen soro, mai hawan giginya, kai ko wanda zakaransa ya maƙale a katanga, sai ya tsaya ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama, mata a kintsa," ya jira a amsa masa. Yau hawan Yakubu uku ke nan babu kira. Mala ya riga ya hana matarsa Mairam zuwa, ban kuwa ga laifinsa ba. In sauran mazan suka bi sahunsa, tukwanena sun kife.

Ba wani abu nake nema ba. Ka gaya wa Alhaji a riƙa kira. Ka huta lafiya.

Yayarka, Safara'u

*

Kano, 14 ga Maris, 1957

Zuwa ga Yaya Safara'u, gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna.

Bayan haka, na sami takardarki kuma na fahimci ƙorafinki. Sai dai akwai abin da ba ki sani ba. Man injin nan daga Ikko yake zuwa a jirgin ƙasa, a sauke shi a Malam Madori, a ɗauko a mota. Ƙwai sittin ake biya a Haɗeja, amma injin yana ɗaukar nauyin fiye da casa'in. Mutum zai biya na ƙwai ɗaya, ya ja waya ya rataya uku. Da yake ba mu da abin auna wuta, sai ido. Aikin Yakubu ke nan, ya hau ya ga inda aka ja waya. In ya yi kira, kafin ya taka tsani an kwance an ɓoye.

Saboda wannan asarar ne ma daga sabon wata ƙwai zai koma sule shida. Amma ke na roƙar miki alfarma. Alhaji ya yarda a ƙara miki ƙwai na biyu kyauta, a rumfar da kuke aiki. Matan kuma su riƙa ajiye mayafi kusa. Zamani ne ya zo da haka, Yaya, sai haƙuri.

Ki gaishe min da Inna ƙwarai. Wassalam.

Ƙanenki, Haladu

*

Haɗeja, 21 ga Sha'aban

Daga Safara'u zuwa ga Haladu. Gaisuwa. Inna tana nan lafiya.

Na karanta takardarka sau biyu don kada in zalunce ka. Ƙwai na biyu a rumfa, wato don mai leƙen ya fi gani ke nan? Riƙe abinka. Wai su ajiye mayafi kusa. Sannu, Bature. Ka taɓa juya shinkafa a tukunya tana tururi da mayafi a ka?

Mata uku suka rage mini. Buhu goma sha biyu na karɓa daga manoman fadama, ga su can jingine.

Yanzu bari ka ji abin da ya faru jiya. Yakubu ya sake hawa da rana tsaka. Na yafa zane, na zaga ta lungu, na janye tsanin na kwantar da shi. Na ɗauko kujera na zauna a inuwa. Ya ce, "Baba, mene ne haka?" Na ce ai ban san da mutum a sama ba, tunda ba wanda ya yi kira. Ya yi fushi, ya yi barazana da 'yan doka, rana kuwa tana ta aikinta. Da ƙeyarsa ta gasu sai ya koma roƙo. Ya ce shi bawan umarni ne, yana da mata shi ma, kuma wallahi kunyar hawan nan yake ji. Na ce wa ya zaɓi gidanmu duk faɗin unguwa? Ya ce, "Malam Haladu. Shi ya ce wa Alhaji daga nan ana hango tsakar gida goma sha ɗaya."

Na mayar masa da tsani, na ba shi ruwa, don ba shi ne abokin faɗana ba.

Goma sha ɗaya. Ai na san inda ka samo lissafin. Daga kan tsamiyar nan ka ƙirga su kana ɗan shekara tara, ran da Baba ya sauko da kai ya zane ka, ni na shiga tsakani har bulala ta same ni a kafaɗa. Ashe ajiye abin ka yi ka kai kasuwa. Na yi kuka jiya, Haladu, ban ji kunyar gaya maka ba. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Ka ba ni amsa, gaskiya ne ko ƙarya ya yi maka.

Safara'u

*

Kano, 30 ga Maris, 1957

Zuwa ga Yaya, gaisuwa da ban haƙuri.

Gaskiya ne. Ni na faɗa, kuma a kansa aka ɗaga ni daga mai awon gyaɗa zuwa magatakarda. Lokacin wayoyi nake tunani, ban yi tunanin mutanen da ke ƙasa ba.

Amma Yaya ki dubi halin da nake ciki. Labarin tsani ya iso nan. Yakubu ya ce ba zai ƙara hawa ba ko za a kore shi, Alhaji kuwa ya tsare ni a gaban mutane ya ce gidanmu ne, ni zan gyara. Ina da mata da 'ya'ya uku a gidan haya. Ki ba ni wata biyu kawai in lallaɓa shi. Matan su ɗan dakata, bayan salla a ga abin da Allah zai yi.

Don Allah kada Inna ta ji. Wassalam.

Haladu

*

Haɗeja, 6 ga watan azumi

Daga Safara'u zuwa ga Haladu. Barka da shan ruwa.

Wata biyu? Kafin nan ruwa ya sauka, fadama ta cika, ba sauran shanya sai baɗi. Kai ka sani.

Inna ta ji, ba daga bakina ba, zancen ya cika unguwa. Ta sa na kwance ƙwan ƙofarta, ta koma fitilarta ta aci-balbal.

Shu'ibu direba zai ba ka ƙwarya tare da takardar nan. Ka buɗe a hankali. Ƙwai goma sha tara ne a cikin ƙaiƙayi, na gidaje goma sha ɗayan nan da ka ƙirga, har da na Inna. Gida gida na bi. Ban sha wuya ba, sule shidan naku ya riga ni yin magana. Wasu daga cikin ƙwan na sata ne, ban ɓoye maka ba, ga su nan duka, ku ƙirga a zaune. Yanzu ba abin da ya rage a gidajenmu da za a leƙa, sai matan mutane.

Duk da haka mazan sun ce muddin falwayar tana tsaye matansu ba za su dawo ba, don ba su san ranar da wani zai hau ba. Wayar da ke kanta manyan gidajen kasuwa take kai wa wuta, ba mu ba. Na ji an ce kai za a turo ka hau da kanka. Bismilla. Kai ɗan gida ne, ba mai janye maka tsani. Inna ta ce in gaya maka za ta shimfiɗa tabarmarta a gindin falwayar, ta cire kallabi, don ka fara ƙirga da ita.

Ban da sauran magana. Ka gaishe da iyalinka, su ba su yi mini komai ba.

Safara'u

*

Haɗeja, 15 ga Afrilu, 1957

Zuwa ga Alhaji Bakari, gaisuwa da girmamawa. Allah ya ƙara arziki.

Bayan haka, na iso Haɗeja jiya, na hau falwayar yau da safe kamar yadda ka umarta, kafin a tada inji. Na yi kira sau uku, na jira har aka amsa mini. Wayar na kwance ta, tana naɗe a ɗakin inji, ba abin da ya same ta. Falwayar kuma ni da maƙwabta mun tuge ta mun ajiye a ƙofar ɗakin injin. Filin na mahaifinmu ne, ni na ba da izini, ni na janye. Gidajen kasuwa za su kwana babu wuta sai ka samar mata wata hanya.

Na ajiye aiki, makullin ofis yana hannun Shu'ibu direba. Na gode da zaman da muka yi. Matan sun hura wuta tun hantsi, shida daga cikin bakwai sun dawo.

In za ka aiko wani kan maganar, ya biyo ta ƙofar gida ya yi sallama. Ni zai tarar a zaure.

Haladu