Inna ba ta san an cire sunansa ba

Daren Alhamis, Kaura

Barci ya ƙi zuwa. Yau Lawali ya zo banki ya sa hannu, aka cire sunansa daga takardar gidan nan da rancen da muka ci tare muka gina shi. Tun da ya sake ni nake binsa ya zo ya sa hannun, kullum sai ya ce in bari ya dawo daga Shinkafi. Yanzu gida nawa ne, sauran bashin ma nawa ni kaɗai.

Na zaci zan samu sauƙi. Da la'asar sai ga Inna, mahaifiyarsa, daga Sakajiki da buhun sabon gero, kamar yadda ta saba kowace kaka. Ta ce, "Ɗiyata, a kai hatsin ga ɗakin Lawali." Ashe ko sakin bai gaya mata ba! Matsoraci, ya bar ni da tsohuwa.

Na buɗe baki ke nan zan gaya mata, ta kama hannuna tana sa wa gidan ɗanta albarka. Na ce amin.

Ga ta nan tana barci a gadona. Da safe za ta leƙa ɗakin Lawali, ta tarar babu komai sai buhunta.