Ya sare jigon ubansa, yanzu tumunina yake so

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, ina faɗa ina share hawaye. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce a wani ƙauye wajen Saji, ƙasar Rano. Malam mijina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana lambu a bakin rafi. Duk rayuwarsa da jigo ya yi ban ruwa, itacen nan mai guga a gaba da dutse a baya, da shi ya ciyar da mu ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa sanin kuɗin lita ba. Ina cikin takaba babban ɗana ya kawo injin fetur ya sare jigon, da itacensa aka dafa abincin sadakar arba'in. Na yi magana, wai Inna duniya ta ci gaba.

To ga ci gaban nan. Tun da aka cire tallafin mai, ɗan nawa mai ci gaba yake tafiya Rano da galan ya dawo da rabi, yana ba albasa ruwa kamar mai ɗiga magani a ido. Ƙato da gemunsa, guga goma ba zai iya ja ba, sai ya kama baya. Ubansa da furfura yake ja har azahar.

Yanzu kuma wai sola. Jiya ya zo ya durƙusa, wai in sayar da tumunina na takaba, wato kasona na gadon lambun, gefen da jigon yake, a sayi famfo mai aiki da rana. Na ce haka ka yabi inji. Ya ce ai rana kyauta ce. Na ce hannun da Allah Ya ba ka ma kyauta ne, me ka yi da shi?

Ba zan yi ƙarya ba, na ga solar wani mutum a Kibiya tana zuba ruwa. Amma wurin nan kaɗai ya rage min na Malam, kututturen jigon yana nan, a kansa nake zama in yi masa addu'a. Albasa kuwa ta fara kwanciya, in ba ta sha sosai a makon nan ba, jikokina ba abin ci.

Jama'a, in sayar? Ko in sa a kafa min sabon jigo in ja da hannuna, shi ya tsaya da galan yana kallo?