Ƙafar Zabuwa a Cikin Jitar Garba

Zuwa ga aminina Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To ai da ranka ma ba ka taɓa iya karanta rubutuna ba, cewa kake yi kamar kaji sun yi dambe a kan toka, don haka ban ga abin da aka rasa ba. A aji huɗu na yi sallama da firamare, abin da ya samu shi zan zuba maka.

Gida lafiya. An sako ruwa a kanal, shinkafa ta yi kyau, tumatir kuwa tsutsa ta ci rabonta ta bar mana namu. Matata Talatu har yanzu ita ke mulki, ni mataimaki ne. Haƙorana na gaba sun riga ni tafiya, in ka gan su a can ka adana mini.

Maganar Nasiru ce ta sa na ɗauki biro. Ɗanka da ka bar mini yana rarrafe, yau ya fi ni tsawo, har gemu yake tarawa. Na sa shi koyon naɗin koyil a Kura, irin aikinka, gyaran janareta da fanka. Yana cikin koyo ya ƙona koyil ɗin injin niƙan wani mutum, maigidansa ya wanke shi tas a gaban jama'a. Ya dawo gida ya ce shi ba shi da hannun sana'a, Legas zai tafi ya yi dako a kasuwar tumatir tare da abokansa. Garba, ka san yaran da suke bin motocin tumatir ɗin nan. Wasu su dawo da Sallah, wasu sai dai a riƙa jin labarinsu a bakin direbobi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har ciwon baya na ƙirƙira, bai ko kalle ni ba. Na hana shi guzuri, sai ya ce ai yana da gado, jitar ubansa zai sayar.

Ka tuna ta? Jar jitarka mai lantarki, wadda kake haɗawa da tsohuwar rediyo da batirin mota, ka zauna bakin kanal da la'asar kana kaɗawa, har Fulanin da suka kawo shanu shan ruwa su dogara da sanda suna sauraro. Tun rasuwarka tana ɗakin ajiya, a naɗe cikin buhu, kusa da bututanka na ban ruwa.

Wani mai sayen tsofaffin kayan kiɗa ya ga hotonta a waya, ya ce yana so, amma sai an gaya masa kamfanin da ya ƙera ta, don babu suna a jikinta ko ɗaya. Nan fa na gyara zama. Na ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, 'yar Ingila ce, mai ita da bakinsa ya gaya mini. Ko ba kai ka faɗa ba? Ka dube ni ido cikin ido ka ce wani Bature ne ya ba ka a Legas. Shekara da shekaru ina yawo da wannan magana, babu teburin mai shayin da ban shimfiɗa ta ba daga nan har Kadawa.

Mai sayen ya ce baki ba shaida ba ne. Sai ni da Nasiru muka ɗauke ta muka tafi Kano wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Gaskiya raka shi na yi don in samu hanyar ɓata cinikin, amma har muka wuce Kumbotso dabara ba ta zo ba. Kan nawa ka san shi, sai an tura yake tashi.

Dattijon ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ya ce itacen maɗaci ne, fentin kuma irin na jikin mota ne. Na ce ai Turawa ma suna da mota. Ya ce ƙarafan da aka jera a wuyanta sun yi masa kama da wayar ƙafar keke da aka goge. Na ce suna da keke ma. Bai yi musu da ni ba, mutumin kirki ne. Ya ce shi dai bai taɓa ganin irinta ba, amma bari a buɗe cikinta. Ya kwance murfin, ya ɗago abin nan da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ashe maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Ya daɗe yana kallon naɗin. Ya ce hannu ne ya yi wannan, ba inji ba, kuma mai hannun ba ya gaggawa.

A ƙarƙashinsa, can cikin ramin da aka fafe, akwai wata alama da aka ƙona a jikin itacen. Layi uku da suka rabu daga wuri guda, da ɗan ɗigo a baya. Na leƙa, na gyara hula, na sanar da su cewa ga tambarin kamfanin nan, Ingila sak.

Nasiru bai yi dariya ba. Ya tsugunna, ya sa yatsa ya shafa. Sai ya ce mini, murya ƙasa ƙasa, Baba ai ƙafar zabuwa ce.

Garba, kunya ta kama ni har cikin takalmi. Ranar da aka sako ruwa, kowa ya jera baƙaƙen bututansa a bakin kanal, duk iri ɗaya, ta yaya ake gane na wani? Ba ƙusa muke sawa a wuta kowa ya ƙona alamarsa ba? Tawa da'ira ce, don ita kaɗai na iya. Taka ƙafar zabuwa. Yaron nan tun yana ƙarami yake saɓa bututanka zuwa gona, alamar nan ta zauna masa a ido. Ni da na ga lokacin da kake ƙona ta, ni ne na kai ta Ingila.

Don in fanshi kaina na ce wataƙila saye ka yi ka sa alama. Dattijon ya nuna mana cewa fentin ya hau kan gefen ƙunar, wato an yi ta tun itacen yana tsirara. Nasiru kuma ya gano ƙarshen wayar, an ɗaure shi da zaren buhu, ɗauri irin na bakin buhun shinkafa. Wane Bature ne ya san wannan?

Me ya sa ka ɓoye mini? Na yi ta juya abin. Ko ka san halinmu ne, da ka ce kai ka sassaƙa, da mun ce gurmi ne ya sa riga, babu mai tsayawa ya ji? Ko kuwa daɗi kawai kake ji ka ga ina zuba a wurin mai shayi kana gefe kana hura kofi? Na fi zargin na biyun. Ka ci wannan, na sallama.

A mota da za mu dawo, a cinya Nasiru ya rungume jitar, ya hana kwandasta ya sa a but. Ya tambaye ni ko ka taɓa ƙona injin wani. Na ce sosai ma, har da nawa, kuma ka ce laifin injin ne. Rabon da in ji dariyarsa irin ta ranar har na manta.

Bai sayar ba. Maganar Legas ma ban sake ji ba, ni kuma ban tayar ba. Da kansa ya koma Kura ya ba maigidansa haƙuri. Wayar naɗin cikin jitar ta tsinke a wani wuri, ya ce ba mai taɓa ta sai ranar da hannunsa ya kai ya naɗa da kansa. Ya fara gwaji a kan matacciyar fankar Talatu. Jiya ta juya. Baya take juyawa, amma ta juya.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don mu ba mu saba da irin wannan magana ba, sai zolaya. Duk tsiyar da nake yi maka cewa kiɗanka na korar kifi, ƙarya ce. Nakan bar aiki da wuri don in zo in ji. Kuma yaron nan ban taɓa jin nauyinsa ba. Tsorona ɗaya ne, kada mu haɗu ka tambaye ni ina na bar shi, in ce ban sani ba. Ashe ka bar masa abin da zai riƙe shi, ka ɓoye a inda ni ba zan gane ba ko an buɗe mini.

Ranar da jitar ta yi ƙara zan sa ya kai ta bakin kanal da la'asar. In kifi sun gudu, sai in rubuto maka.

Allah ya kai haske kabarinka, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Naka har gobe,
Ado mai da'ira, wakilin Ingila mai murabus