Dinarin Inna a Gwanjon Turai

Talata Mafara

Yaya Taibatu,

Assalamu alaikum. Ina kwananki, ina gajiya? Yaya maigidan da su Hidaya? Inna tana gaishe ki, ƙafar ta ɗan yi sauƙi.

Hoton da kika turo min na duba shi har idona ya yi ja. Dinarin Inna ne, wanda Kaka ya zo da shi daga Makka a ƙasa. Ga rubutun Larabcin, ga kuma tsaguwar nan ta gefe. Wai an yi gwanjonsa a Turai. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, Mujahid ne. Tun da Inna ta ce shi ya ɗauke, ya rantse ba a yarda ba, ƙanenmu bai sake taka gidan nan ba.

Na aika wa kamfanin gwanjon imel, suka amsa cikin ladabi mai ban haushi cewa ba sa faɗin sunan mai kaya. Na sake rubutawa, shiru. Sai na je wajen Ɗantani maƙerin azurfa a kasuwa. Da farko ya ce bai taɓa gani ba. Da na ƙi tashi daga rumfarsa, ya tuna ya taɓa wanke irinsa ga wani dillali, Maiwada na Bakura. Gobe zan je.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Balarabe

Bakura

Yaya Taibatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto miki ne raina a ɓace.

Maiwadan nan ya gama wasa da hankalina. In na je gida a ce yana gona, in na je gona a ce ya tafi jana'iza. Shagona yana can a rufe, babur na shan mai. Da na ritsa shi a ƙofar masallaci, sai ya ɗauka rabo na zo nema, ya hau rantsuwa cewa shi ma a banza ya sayar wa wani Balarabe ɗan Kano. Na ce masa sunana ne kawai ya zo ɗaya da na mutumin, ni wanda ya kawo dinarin nake tambaya. Ya ce bai sani ba, daga hannun Alhaji Sambo mai awon zinariya a Maradun ya karɓa.

Daga nan Maradun zan wuce, kin san halin da hanyar take ciki. Kada ki gaya wa Inna na tafi.

Naki,
Balarabe

Talata Mafara

Yaya Taibatu,

Ina yi miki fatan alheri ke da iyali. Na dawo lafiya, amma ki zauna kafin ki karanta.

Alhaji Sambo bai ɓoye min komai ba. Marigayi Baba ne ya kai masa dinarin da hannunsa, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafarmu. Ya roƙe shi kada maganar ta fita, da niyyar ya fanso bayan girbi, sai ciwo ya kwantar da shi. Ashe hatsin da muka ci a waccan daminar ke nan.

Na gaya wa Inna. Ta ce kada a yi wa mamaci ƙazafi a ɗakinta, ta juya min baya. Amma tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

Mujahid kuwa na same shi a Dosara yana ƙwadago a gonar mutane, ya rame. Ya saurare ni har na gama, ya kawo min ruwa. Sannan ya tambaye ni, ashe sai da wani baƙo a Maradun ya yi magana rantsuwarsa ta zama gaskiya? Ya ɗauki fartanyarsa ya koma kunya.

Na kawo gaskiyar, Yaya, babu mai karɓa. Ke dukansu suna jin nauyinki. Don Allah ki zo ranar Talata, zan tarye ki a tasha. Mu fara ta ɗakin Inna, don ita ya kamata ta aika wa Mujahid.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanenki,
Balarabe