Takardar da Auta Ya Ƙi Saki

Zuwa ga Ummana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma jikin Kaka da sauƙi. Ya zaman jinya? Kumburin ƙafar da kika ce zaman kujerar asibiti ya jawo miki, ya sauka? Baba yana gaishe ki, maƙwabta ma kullum sai sun tambaya.

Umma, na so in faɗa miki wannan magana a waya, amma kin san kunnen Auta, ko a ƙarshen layi aka yi raɗa sai ya ji. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban motar da ke zuwa wajenku.

Ranar Talata ina shago, ina tsakiyar yi wa wani mutum kwafin takardunsa, aka kira ni daga makarantar su Auta, wai in zo yanzu, an nemi Baba a gareji ba a same shi ba. Na ɗauka faɗuwa ya yi ko zazzaɓi. Na bar wa mai shagon injin a kunne na fita.

Na tarar da shi a ofishin shugabar makaranta, yana tsaye jikin bango, kansa a karkace yadda ya saba. A kan teburi ga wata takarda mai faɗi kamar tire, a yage gida biyu.

Ga abin da shugabar ta gaya mini. Suna jarrabawar gwaji, wadda ake yi kafin jarrabawar fita. A ajinsu akwai wata yarinya da suke kira Baƙuwa, ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba, Turancin ma yanzu take koyo, ga kuma raunin ido. Saboda haka ana buga mata tambayoyinta daban da manyan haruffa, a ba ta ƙamus da ƙarin lokaci. Ranar ta ɗan makara, malamin da ke tsaron jarrabawar kuma sabo ne, sai ya ajiye takardarta a teburin Auta, wanda ke bayan nata. Da ta iso aka gane kuskuren, malamin ya zo karɓa. Umma, Auta ya ƙi bayarwa. Ya kifa ƙirjinsa a kanta, ya riƙe da hannu biyu. Malamin ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, daga baya ya ja, shi ma ya ja, har ta yage. Yarinyar na tsaye a gaban aji tana kuka. Babu wata takardar irin tata, don haka ranar ba ta rubuta komai ba.

Sai da na sa aka maimaita mini, don na ɗauka wani yaron ake nufi. Autanmu fa, wanda ƙananan yaran layi ke ƙwace masa ƙwallo ya dawo gida shiru. Shi ne zai hana yarinya mai lalura takardarta?

Shugabar ta ce wannan ba shi ne farko ba, yarinyar ta taɓa kai ƙara cewa yana hararar ta. Ta ce a aji kuma aikinsa kifa fuska a kan littafi yana barci, sakamakonsa kullum a ƙasa. An dakatar da shi. Mahaifin yarinyar ya shigar da koke, kuma idan kwamitin ladabtarwa ya ga da gangan ne, ba zai zauna jarrabawar fita ba bana.

Baba ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ya tambaye shi dalili, na tambaye shi, ko uffan. Abinci ma sai na tsaya a kansa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Shugabar ta nuna mini rabin takardar, ashe kafin a zo karɓa ya amsa shafin farko, kuma duk daidai. Ita ta ce wannan ya nuna iskanci ne kawai, in ya so yana iyawa.

Kada ki baro Kaka saboda wannan, zan riƙa sanar da ke. Ki gaishe ta, ki ce mata muna yi mata addu'a.

'Yarki ta fari.

*

Zuwa ga Ummana,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Kaka. Na ji daɗi da direba ya ce ya gan ta zaune tana shan shayi da kanta. Saƙonki ya iso, na ga kin ce in bi Auta a hankali. Umma, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Shekaranjiya da la'asar wata malama ta yi sallama a gidanmu. Ita ce mai kula da yara masu buƙata ta musamman a makarantar, gajeriya, mai magana a hankali. Ta ce ba maganar hukunci ta kawo ta ba, Auta take son gani. Muka zauna a falo. Ta yi ta jan sa da hira har ya saki jiki, sannan ta nuna kalandar bango ta ce ya gaya mata hoton da ke jiki. Bai ko yi jinkiri ba ya ce gada ce a kan ruwa, da jirgi a ƙasanta.

Umma, kalandar mai gada na cire ta tun kafin ki tafi. Ta shagonmu ce a wurin, mai hoton furanni.

Malamar ta buɗe jakarta. Ta ɗauko takarda ta rubuta layi ɗaya ƙanana, ta miƙa masa. Ya kai ta har kan hancinsa, ya karkata kai, ya daɗe, ya kasa. Ta sake rubutawa manya-manya da baƙar alƙalami mai kauri, ya karanta nan take.

Jiya muka kai shi asibitin ido, ni da Baba. Likita ya ce ciwo ne a can cikin idon, daidai wurin da mutum ke ganin abin da ya kalla kai tsaye. Gefe da gefe yana gani, tsakiyar ce ta tafi, a ido biyun. Ya ce ya daɗe yana cin sa a hankali, kuma tabarau ba ya gyara irinsa. Ya sa muka dunƙule hannu muka tare gaban idonmu, ya ce to haka duniyar yaron take. Karkata kan da muke yi masa dariya, muna cewa kallon raini ne, neman gefen da zai gan mu yake yi. Kifa fuskar da malamai suka kira barci, karatu yake ƙoƙarin yi.

Yau da na kai wa Baba abinci gareji na hango shi a bayan wata mota, shi kaɗai, hannu a dunƙule a gaban fuska, yana tafiya yana laluben bango. Na juya na ba shi lokaci kafin in yi sallama.

Da muka keɓe, Auta ya buɗe baki. Ya ce da farko ya ɗauka kowa haka yake gani, shi ne dai ba shi da ƙwaƙwalwa. Da ya gane, sai tsoro ya kama shi kada a cire shi daga makaranta. Duk abin da ya sani da kunne ya ɗauka. Abin da malami ya faɗa a aji yake haddacewa, da abin da nake karanta masa in ya ce muryata ta fi shiga kansa. A jarrabawa kuwa kafin ya gama haɗa haruffan tambaya ɗaya lokaci ya tafi, sai ya cika sauran da hasashe.

Na tambaye shi ranar takardar. Ga abin da ya ce, ban canza ko kalma ba: “Yaya, da na duba sai na ga tambayoyin a tsaye, suna nan, ba sa gudu. Na san ta wata ce, wallahi na sani. Hannuna ne ya ƙi.”

Akwai abin da ya roƙe ni kada in gaya miki, amma ba zan iya riƙewa ba. Ya ce rabonsa da ganin fuskarki sosai tun yana firamare. Da tafiyarki yake gane ki, da ƙamshin man da kike shafawa. Mu duka haka yake gane mu. Muna cin abinci a kwano ɗaya da yaron nan, Umma, ba wanda ya sani.

Sauran matsala biyu. Koken mahaifin yarinyar na nan. Sannan malamar ta ce hukumar jarrabawa ta riga ta rufe karɓar sunayen masu buƙatar tallafi, amma za ta gwada da rahoton likita.

Ki yi kukanki a can ki gama. Ki gaishe da Kaka, amma kada ki gaya mata tukuna.

'Yarki ta fari.

*

Zuwa ga Ummana,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata gajiyar jinya na raguwa. Mun yi murna da jin za a sallami Kaka. Ki yafe mini jinkirin wasiƙa, abubuwa ne suka yi yawa.

Mun je ba wa iyayen Baƙuwa haƙuri, ni da Baba da Auta, malamar ta raka mu. Suna zaune a ɗaki biyu a saman wani shagon taya, kayansu rabi har yanzu a cikin kwalaye. Mahaifinta ya buɗe ƙofa fuska a murtuke. Ba ya jin yarenmu, Turancinsa kuma bai kai na 'yarsa ba, don haka ita ce tafinta, tana riƙe da ƙamus dab da idonta. Baba ya ba da haƙuri, ya miƙa rahoton likita. Kafin malamar ta fara bayani, yarinyar ta ce ai ta sani.

Umma, ashe tun makonta na farko a ajin ta gane. Ta ga yana shafa tebura da hannu kafin ya kai nasa, ta ga yadda yake karkata kai, irin yadda ita ma take yi. Ta je wajen malamin ajinsu don ta taimake shi, amma Turancin da take da shi a lokacin bai wuce ta nuna Auta ta ce ido, ba kyau ba. Malamin ya ɗauka hararar ta yake yi, ya kira shi ya yi masa kashedi. Ƙarar da shugabar ta gaya mini ke nan. Bayan an yaga takardar, ta gama kukanta, sai ta zauna da ƙamus ta haɗa jimla cikakkiya, cewa yaron nan ba ya gani kamar ni, ta kai wa malamar. Abin da ya kawo malamar gidanmu ke nan.

Baba ya daɗe yana kallon yarinyar. Auta ya ce mata ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ranar ta ji haushinsa ƙwarai, don ta kwana biyu tana shirya wa darasin nan. Mahaifinta ya saurari fassarar har ƙarshe, ya shiga ciki, ya fito da tsohon gilashinta mai ƙara girman rubutu ya sa wa Auta a hannu. Washegari ya janye kokensa, makaranta kuma ta ɗage wa Auta dakatarwar, ta sake wa yarinyar jarrabawar da ta rasa.

Hukumar jarrabawa ta ba mu wuya. Sun ce an rufe, malamar ta koma. Sun ce rahoton ba hatimi, muka koma asibiti. Daga ƙarshe suka yarda da manyan haruffa da ƙarin lokaci da ƙaramin ɗaki, amma suka ƙi ba shi mai karanta masa, wai sai an nema tun farkon shekara. Malamar ta ce mu karɓi abin da ya samu.

Mai shagonmu ya bar mini injin bayan an tashi aiki, na yi ta ƙara girman littattafan Auta shafi-shafi, yanzu falonmu ba wurin taka ƙafa. Nan wata matsalar ta fito. Kalmomin Turancin da ya daɗe yana faɗa daidai, bai taɓa ganin yadda ake rubuta su ba. Kullum sai ya kira ni ya nuna mini wata, ya ce masu yaren nan ba su da tausayi, a tara haruffa a kalma a ce kada a furta su. Malamar ta ce zai rasa maki a nan, ba makawa, lokaci ya ƙure. Ta kuma ce bayan jarrabawa za ta fara koya masa rubutun makafi, tunda likita bai yi alkawarin abin zai tsaya a haka ba. Auta dai bai ce a'a ba.

Yau suka yi ta farko, kimiyya. Na nemi izini a shago na je na tsaya a bakin ƙofar makaranta. 'Yan babban ɗaki suka fito suka watse, na ƙaramin ɗaki ba su fito ba. Can sai ga Baƙuwa, ta ɗaga mini hannu ta wuce wajen mahaifinta. Auta ne na ƙarshe, yatsunsa duk tawada, yana tafe yana dariya shi kaɗai. Na tare shi na ce duk ya amsa ke nan. Ya ce a'a, ya bar guda ɗaya. Na ce lokaci ne bai isa ba?

Ya ce, “Lokaci ya isa, Yaya. Na karanta ta tsaf, har sau biyu. Ban san amsar ba ne kawai.”

Ya ci gaba da dariyarsa har muka hau mota, mutane na kallonmu. Ni kuwa na juya wajen taga.

Sauran darussa na nan gaba, sakamako kuma sai Allah. In za ki taho ki sanar da ni motar da za ki shigo, mu zo tasha mu tarye ku. Baba da Auta suna gaishe ki, a gaishe da Kaka da kyau. Allah ya kawo ku lafiya.

Taki har kullum,
'Yarki ta fari.