Hirar Baba da Ka Goge

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana yara. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai ci da barci.

Yaya, na zaɓi takarda ne don in na kira ka kuka zai hana ni magana. Kai ka haɗa mana kwamfutar falo kafin ka tafi, ka jona ta da dish da talabijin, ka saita ta yadda daga can ma kana iya shiga ka sa ta ɗauki shiri. Da ita aka ɗauki hirar da wata tashar talabijin ta yi da Baba a shagonsa na gyaran agogo, kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, Allah ya jiƙansa. Hoton garau, har tabon babban yatsansa ana gani, da yadda yake ɗaga gira in zai yi dariya. Da hannunka ka kulle shirin, ka ce ko kwamfutar ta cika ba za ta taɓa shi ba. Mama ba ta iya rimot ba, amma maɓallin da ke kawo mata Baba ta haddace shi.

Da hirar ta ɓace, ka ce dish ne ya goce. Ni da duk karatuna ban tambayi kaina me ya haɗa dish da abin da aka riga aka ɗauka ba, tunda kai ka faɗa. Mijina ya yi ta hawa rufi cikin rana yana juya dish, Mama na ƙasa da hannu a goshi tana cewa a ɗan ƙara dama.

Shekaranjiya matarka ta kira, baiwar Allah, ta ɗauka na sani. Ta ba ni haƙuri, ta ce ƙwallon da kake ɗauka daga can ne ya cinye wuri, don hoto mai kyau ci gare shi. Ta ce ranar wasan ƙarshe ka buɗe makullin ka goge hirar, a zatonka akwai kwafi a wurinka, da ka duba babu. Wai har kuka ka yi. Na kira tashar, suka ce sun daina shirin tuntuni, ba su ajiye komai ba.

Kuskure kowa na yi, Yaya, da ka faɗa da mun yi kukan tare. Ƙaryar ce ta ci mini rai. Ka ci amanata, ka sa ni da bakina ina maimaita wa mahaifiyarmu zancen dish. Kullum da la'asar sai ta zauna a kujerar falo ta danna maɓallin, ko an dace. Jiya ta ce mini ta fara manta yadda muryarsa take, gara a yi sauri da gyaran. Na rasa inda zan sa idona.

Ba ni zan gaya mata ba, kuma ba zan ƙara yi mata ƙarya dominka ba. Na cire wayar intanet daga kwamfutar, kada ka wahala neman shiga. Ka kira ta ka faɗa mata da bakinka.

Ka gaishe da matarka da yara. Goggo da Kawu suna gaishe ka, haka mijina da Auta. Mama ta ce lallai in rubuta maka cewa Allah ya yi maka albarka, yadda kake ta ɗawainiya daga nesa don a dawo mata da Baba. Ga shi na rubuta yadda ta faɗa.

Ni ce ƙanwarka,
mai bi maka.